Jirage 158 na Hans-Joachim Marseille: Me Suka Tsinana wa Rommel?

Ranar 1 ga Satumba 1942, ana tsakiyar gwabzawa a tudun Alam Halfa, kusa da Al-Alamain a ƙasar Masar, wani matuƙin jirgin yaƙin Jamus mai shekara 22 ya tashi sama sau uku tsakanin hantsi da yamma. Da ya yi saukar ƙarshe, an rubuta masa jirage 17 na Birtaniya da ƙawayenta, takwas daga ciki a cikin minti goma kacal. Sunansa Hans-Joachim Marseille. Washegari kuma Erwin Rommel, jagoran dakarun Jamus da Italiya a wannan fage, wanda duk wannan ɓarin wuta dominsa ake yi, ya umarci sojojinsa su fara ja da baya, saboda bama-bamai daga sama sun hana su sakat, man tankokinsu kuma ya kusa ƙarewa.

Duka biyun sun faru a fage ɗaya, kwana ɗaya tsakani. Mai son ya gane abin da gwarzon matuƙi yake iyawa a yaƙi, da inda iyawarsa ta tsaya, dole ya riƙe su tare.

Tun Yaƙin Duniya na Ɗaya aka gaji ƙa'idar cewa matuƙin da ya kakkaɓo jirage biyar ya shiga sahun gwaraza. Manfred von Richthofen, zakaran wancan yaƙi, a 80 ya tsaya. A yaƙi na biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila, Ba'amurken da ya fi kowa, Richard Bong, 40 gare shi. Marseille ya mutu da 158, kuma 151 a Arewacin Afirka ya tara su cikin ƙasa da shekara ɗaya da rabi. Akwai Jamusawan da suka zarce shi, irin su Erich Hartmann mai 352, amma su a fagen Rasha suka yi tarinsu. A kan jiragen Birtaniya da ƙawayenta na Yamma, babu wanda ya kamo ƙafarsa.

Farkonsa bai nuna alamar haka ba. An haife shi a Berlin ranar 13 ga Disamba 1919, kakanninsa daga Faransa suka yi hijira saboda tsangwamar addini, shi ya sa sunan ya fita daban da na Jamusawa. Mahaifinsa soja ne, kuma ya rabu da mahaifiyarsa tun yana yaro. Ya shiga rundunar sama a Nuwamba 1938 da halin da bariki ba ya ɗauka: ga tarin gashi, ga yawon dare, ga son kiɗan jaz na baƙaƙen Amurka, wanda gwamnatin Nazi ta ƙi jini. A yaƙin sararin samaniyar Ingila na 1940 an rubuta masa jirage bakwai, amma shi ma ya salwantar wa ƙasarsa da huɗu, kuma ya yi suna wajen barin shugaban ayarinsa ya bi abokin gaba shi kaɗai. Kwamandansa, Johannes Steinhoff, ya gaji ya sallame shi zuwa runduna ta 27, wadda Jamusawa ke kira JG 27. A Afrilu 1941 wannan runduna ta tsallaka Libiya don ta taimaki Rommel. Ko mako biyu cikakku Marseille bai yi a can ba, ranar 23 ga wata, wani Bafaranshe mai suna James Denis, cikin jirgin Hurricane, ya ɓarke masa jirgi da harsasai a saman Tubruƙ, da ƙyar ya dire ƙasa da ransa.

Abin da ya cece shi sabon kwamandansa ne, Eduard Neumann, wanda ya duba yaron ya ga cewa idan aka matsa masa ɓata shi za a yi, idan aka sassauta masa linzami kuma za a sami abin da ba a taɓa gani ba. Ya ƙyale shi ya koya wa kansa. Masu tarihinsa sun ce ya riƙa motsa jiki don ƙarfafa cinya da ciki, saboda juyi mai tsanani a sama yana janye jini daga kai har mutum ya daina gani. Ya rage giya, ya daina sa baƙin tabarau don idonsa ya saba da hasken hamada. In ana komowa daga aiki, sai ya riƙa auna jiragen 'yan uwansa ta kowace kusurwa ba tare da ya taɓa kunama ba, har hannunsa ya haddace lissafin.

Lissafin nan shi ne ƙashin bayan labarinsa. Jirginsa Messerschmitt Bf 109 ne samfurin F, mai lamba 14 da aka rubuta da ruwan ɗorawa a gefe. Makamansa kaɗan ne: igwa ɗaya mai bakin milimita 20 da ke harbi ta tsakiyar farfela, sai mashinga biyu a saman inji. Babu wata bindiga mai juyawa. Inda hancin jirgi ya kalla, nan harsashi zai je, don haka jirgin gaba ɗayansa ake saitawa. Yawancin matuƙa suna lallaɓawa ne su zauna daidai bayan abokin gaba, su matso kusa, sannan su buɗe wuta, domin a nan harbi ya fi sauƙi. Marseille daga gefe yake harbi, alhali shi da wanda yake hari duk suna cikin juyi. Maharbin da ya taɓa auna zabon daji a sama ya san abin: wurin da zabon zai isa ake harbi, tsuntsun da kansa zai je ya tarar da harsashin. To a ƙara da cewa nan kowannensu yana gudun ɗaruruwan kilomita a sa'a, kuma a lokacin da ya kamata a danna kunama, wanda ake harin ya riga ya ɓace a ƙarƙashin dogon hancin jirgin, ba a ganinsa. Da ƙiyasi ake harbin. Makanikan da ke ƙirga harsasan da suka rage bayan ya sauka sun ce a wasu ranaku abin da yake kashewa kan jirgi ɗaya bai wuce harsashi 15 ba, kuma yawanci daga inji suke farawa su ƙare a mazaunin matuƙi.

Abokan gabarsa ma sun ba shi ƙofa ba da saninsu ba. Jiragen Hurricane da P-40 da Birtaniya, Afirka ta Kudu da Ostareliya suke tuƙawa ba su kai 109 iya hawa sama ba, don haka kusan kullum Jamusawa ne a bisa, su ke zaɓen lokacin da za a yi faɗa. Idan aka faɗo musu, dabararsu ita ce su ƙulla zobe: jirage goma ko fiye su riƙa kewaya, kowa yana bin wutsiyar na gabansa, ta yadda duk wanda ya shigo bayan ɗaya ya faɗa bakin bindigar na biye. Matuƙa da yawa suna ganin zoben nan su tsaya daga waje suna jiran wanda zai ɓalle. Marseille cikinsa yake faɗawa. Zai sulalo daga sama ko ya taso daga ƙasa, ya sassauta totur, ya sauke maɓallan fiffike don gudunsa ya ragu ya iya juyi a ƙaramin fili fiye da nasu, ya saki wuta ta daƙiƙa ɗaya ko biyu, ya fice kafin na baya ya saita shi, sannan ya sake dawowa. Ranar 3 ga Yuni 1942, a saman Bir Hakim, haka ya yi wa runduna ta 5 ta Afirka ta Kudu, aka rubuta masa jirage shida cikin minti 11. Mai tsaron bayansa, Rainer Pöttgen, aikinsa ya koma ƙirgawa da duba agogo, har abokansa suka laƙaba masa sunan injin lissafi mai tashi.

Daga nan lambobin yabo suka yi ta zuwa. A tsakiyar Yuni ya haura 100. Hitila ya kira shi ya ba shi lamba hannu da hannu, Mussolini ya ba shi lambar zinare ta jarumtaka ta Italiya a Agusta, bayan ranar jirage 17 kuma ya zama mutum na huɗu a duk rundunar Jamus da aka ƙara wa lu'ulu'u a kan lambarsa. Jaridun Goebbels, ministan farfagandar Nazi, suka sa masa Tauraron Afirka. A Satumba ya zama kyaftin mafi ƙarancin shekaru a rundunar saman ƙasar.

Shin alƙaluman gaskiya ne? Bayan yaƙi masu bincike sun zauna da rajistar ɓangarorin biyu, rana bayan rana, kuma abin da ya fito shi ne mafi yawan abin da ya yi iƙirari yana da madogara, amma ba duka ba. Akwai ranakun da lissafin ya zo daidai ƙwarai. Akwai kuma irin ranar 15 ga Satumba 1942, da rundunarsa ta yi iƙirarin kusan jirage 20, shi kaɗai bakwai, alhali takardun rundunonin da aka yi faɗan da su sun nuna asarar biyar ko shida. Ba lallai ƙarya ce aka shirya ba. Mutum biyu sukan harbi jirgi ɗaya kowa ya ɗauka nasa ne. Injin da aka buɗe wa totur gaba ɗaya yakan yi baƙin hayaƙi, mai kallo ya ɗauka wuta ce. Hamada kuma shimfiɗaɗɗen wuri ce: jirgin da aka illata yakan sauka a kan cikinsa, matuƙin ya taka zuwa sansani, ma'aikatan gyara na Birtaniya su zo da babbar mota su ɗauke jirgin, bayan mako biyu ya koma sama. Bajamushe ya rubuta ya kakkaɓo, Bature ya rubuta an lalata an gyara, kuma kowannensu abin da ya gani ya faɗa. Sai dai kuma idan mutum ya zama tauraro, wa zai tsaya yi masa tambayar ƙwaƙwaf? Ko an zaftare kashi ɗaya cikin uku, abin da ya saura ya isa a sara masa a fagen gwaninta. Clive Caldwell na Ostareliya, wanda ya fi kowa a ɓangaren ƙawance a wannan hamada, ashirin da 'yan kai ya samu a can.

Ni a wurina, muhawarar adadin ba ta kai wannan nauyi ba: a cikin jirage 151 da aka rubuta masa a Afirka, 101 P-40 ne, 30 Hurricane, 16 Spitfire, duka ƙananan jiragen faɗa. Masu jefa bama-bamai huɗu ne tak. A cikin 17 na ranar 1 ga Satumba babu ko ɗaya. Alhali abin da ke kashe sojan Rommel a ƙasa, yana ƙona masa motocin mai da na ruwa, su ne jiragen Boston da Baltimore da ke zuwa a jere su 18, su sauke kayansu su juya, wani ayarin ya biyo baya. A daren farko na wannan gwabzawa bom daga sama ya raunata Janar Walther Nehring, kwamandan rundunar Jamus ta Afirka a ƙarƙashin Rommel. Ƙananan jiragen da Marseille yake kakkaɓowa 'yan rakiya ne, aikinsu shi ne su tsaya tsakanin Jamusawa da masu bama-baman, ko da a bakin ransu. Sun mutu da yawa, amma aikin da aka aike su ya yiwu. Afka wa ayarin masu bama-bamai abu ne mai haɗari, kowane jirgi yana da mai bindiga a baya, suna tafe kafaɗa da kafaɗa, igwa ɗaya ta 109 kuma ba ta saurin kayar da babban jirgi. A littafin ƙirga kuwa, ɗaya ɗaya ne, ko ƙarami ko babba. Tsarin da ke auna mutum da adadi ya koya wa matuƙansa inda adadi ya fi araha.

Akwai kuma wata ɓarna da ba ta fita a jarida. A ayarinsa kowa ya san aikinsa shi ne ya tsare bayan gwani ya bar shi ya yi harbi. Sababbin matuƙa sukan yi watanni ba su sami damar koyon faɗa da hannunsu ba, dabararsa kuma ba abar koyarwa ba ce, wanda duk ya gwada faɗa wa zobe ba tare da irin idonsa ba ya sayi ajalinsa. Birtaniya da Amurka kan janye gwanayensu bayan wa'adi su kai su makaranta su horar da na baya. Jamus kan bar nata su yi ta tashi har sai sun mutu ko sun nakasa. Wannan ne babban dalilin da ya sa adadin Jamusawa ya yi tsawo haka, shi ne kuma dalilin da ya sa idan ɗaya ya faɗi ba a samun madadinsa.

Jiragen da yake kakkaɓowa kuwa suna da madadi, kuma a nan labarin ya ratso ta ƙasarmu. Da Italiya ta shiga yaƙi a Yuni 1940, Bahar Rum ta zama mai wuyar ratsawa ga jiragen ruwan Birtaniya. Sai aka riƙa kawo jiragen sama a cikin akwatuna zuwa tashar Takoradi a Gana ta yau, a harhaɗa su a can, su tashi rukuni-rukuni, jirgin Blenheim mai ɗauke da masanin hanya yana gaba, ƙananan suna biye. Zangonsu Legas, Kano, Maiduguri, su ratsa Chadi zuwa Al-Junaina da Al-Fashir a Darfur, su kai Khartoum, sannan su bi kogin Nilu zuwa Masar, tafiyar kusan kilomita 6,000. Ayarin farko ya tashi a Satumba 1940, makonni kaɗan bayan gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya bi bayan de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, abin da ya buɗe sararin ƙasar. Kafin 1943 ta ƙare jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Jamusawa sun san da ita, har a Janairu 1942 suka aiko jirgi guda ya tsallake Sahara ya jefa bama-bamai a Fort Lamy, wato Njamena ta yau, ya ƙona ma'ajiyar mai, amma hanyar ba ta tsaya ba. Saboda haka da yawa daga cikin jiragen da suka yi karo da mai lamba 14 sun sha mai a Kano ko Maiduguri, a filayen da 'yan ƙasa suka share suka daddaɓe. Shi yana kakkaɓo bakwai a yini, wasu suna kan hanya. Rommel kuma jiragen ruwan da ke yi masa dakon mai suna nutsewa a teku tsakanin Italiya da Libiya. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, balle yawan da aka tsara: Arthur Tedder da Arthur Coningham, shugabannin sojan saman Birtaniya a yankin, sun gina rundunar sama wadda ma'auninta shi ne abin da ya sami abokin gaba a ƙasa.

Game da halinsa, akwai abubuwan da suka tabbata. A Satumba 1941 ya harbo wani matuƙi a rundunar saman Ostareliya, Pat Byers, sannan ya tashi zuwa filin jirginsu a cikin ruwan harsasai ya jefa takarda yana shaida musu an kama shi da rauni, bayan kwanaki ya sake komawa ya sanar da su mutuwarsa. Bayan faɗuwar Tubruƙ a hannun Rommel a Yuni 1942 ya ɗauki wani fursunan yaƙi baƙar fata ɗan Afirka ta Kudu, Kofur Mathew Letulu, a matsayin mai yi masa hidima, suka shaƙu fiye da yadda dokar launin fata ta Nazi ta yarda, ya kuma roƙi abokansa su kula da shi idan ta Allah ta kasance. Sun cika alkawari, Letulu ya tsira, har ya halarci taron tsofaffin rundunar a 1984. Waɗannan abin a yaba ne, kuma ban ga dalilin rage musu daraja ba. Amma ba su sauya wanda yake yi wa aiki ba. Kowane jirgi da ya kayar ƙarin kwana ne ga gwamnatin da a wannan shekarar take kashe Yahudawan Turai da miliyoyi, da kuma abokiyarta Italiya, wadda ta rataye Umar Mukhtar a 1931 ta kuma tsare kabilun gabashin Libiya a sansanoni. Ƙasar da ake wannan bajinta a samanta tana da masu ita, kuma ba a tambaye su ba. Har yau nakiyoyin da ɓangarorin biyu suka binne a kewayen Al-Alamain suna cire wa makiyaya ƙafafu.

A watan Satumba 1942 kaɗai an rubuta masa 54, amma waɗanda suka gan shi sun ce ya rame, ya zabge. Ya riga ya sha fama da shawara da atini, an kashe ƙanwarsa Inge a ƙarshen 1941, ga abokansa biyu na kusa, Günter Steinhausen da Hans-Arnold Stahlschmidt, sun tafi a ranakun 6 da 7 ga watan. Jirginsa na 158, wani Spitfire ranar 26 ga Satumba, sai da suka daɗe suna kokawa kafin ya samu sa'arsa, ya sauko jikinsa na rawa.

Ranar 30 ga Satumba ya fita rakiya a cikin sabon samfurin G, wanda ya daɗe yana ƙi saboda injinsa ya yi suna wajen lalacewa. Ba su haɗu da abokin gaba ba. A hanyar dawowa wani haƙorin giya ya karye a cikin inji, baƙin mai ya zuba ya kama wuta, hayaƙi ya cika mazauninsa har ba ya ganin gabansa. Abokan tafiyarsa suka riƙa yi masa jagora ta rediyo, shi kuma ya daure don kada ya faɗa hannun Ingilishi, har suka wuce farin masallacin Sidi Abdurrahman, alamar sun shigo yankinsu. Ya kifar da jirgin don ya zame ya faɗo, yadda aka koya musu, amma hayaƙi bai bar shi ya lura hancin jirgin ya riga ya nufi ƙasa da gudu ba. Iska ta maka shi da wutsiyar jirgin a ƙirji. Laimarsa ba ta buɗe ba.

An binne shi a Darna, daga baya aka mayar da ƙasusuwansa maƙabartar sojan Jamus a Tubruƙ. Rukunin da yake ciki ya karaya har sai da aka janye shi daga fagen daga na kusan wata guda. Gwanaye uku sun tafi cikin kwana 24, waɗanda suka rage kuma yawancinsu masu tsaron baya ne. Ranar 23 ga Oktoba Janar Montgomery na Birtaniya ya buɗe wuta a Al-Alamain, sama tana hannun jiragensa, kuma a Mayu 1943 ragowar dakarun Jamus da Italiya suka miƙa wuya a Tunisiya.

Jamus ta Yamma ta sa sunansa a wani barikin rundunar sama da ke Appen, kusa da Hamburg, a 1975. Shekaru suna tafiya, rundunar ta sake duba ƙa'idar waɗanda za ta riƙa karramawa, masana tarihinta kuma ba su sami shaidar cewa ya taɓa tsayawa ya ƙalubalanci gwamnatin da ya yi wa yaƙi ba. A Nuwamba 2021 aka cire sunansa, aka maye gurbinsa da na Jürgen Schumann, kyaftin ɗin jirgin fasinjan Lufthansa da aka yi fashinsa a Oktoba 1977, wanda masu fashin suka harbe a Aden.